Babur mai bugu biyu a cikin gem: tutsun nan gaskiya ne ko ƙarin gishiri?

Wani ɗalibi daga Yelwa, nan cikin Bauchi, ya aiko da tambaya. Ya ce: "Injiniya, barka da aiki. Muna buga MotoGP, gem ɗin tseren babura, a gidan gem na unguwarmu. Da baburan zamani ina gama zagaye lafiya ƙalau, amma in na ɗauki tsofaffin nan na 500cc, ina buɗe wuta a kwana sai babur ya cilla ni sama. Abokina ya ce masu gem ne suka ƙara gishiri don a sha wuya. Haka suke a zahiri? Kuma wane gem ne tuƙinsa ya fi kusa da na gaske?"

To ƙanena, abokinka ya ji ƙamshin gaskiya amma ya yi tono a inda ba nan ba. Tutsun da babur ɗin yake yi maka ba ƙari ba ne, halinsa ne, kuma na gaske ya fi haka mugunta. Inda gem yake yi maka rufa-rufa wani wuri ne dabam, wajen yadda babur yake shan kwana, kuma kusan ba wanda yake lura. Zan zo kansa. Bari mu fara da injin.

Ka riga ka san inji mai bugu biyu ko da ba ka san sunansa ba. Ƙaramin janareton nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai a gora kafin a zuba, shi ne. Tsohuwar Vespa ta malaman makaranta, da Suzuki da Jincheng da 'yan acaɓa suka yi yayi kafin Boxer ta kore su, masu shuɗin hayaƙi da ƙarar nan siririya, duk danginsa ne. Boxer kuwa mai bugu huɗu ce: fistin ya shaƙa, ya matse, wuta ta tashi, ya fitar da hayaƙi, sai karanshaf ya juya sau biyu kafin a samu wuta ɗaya. Mai bugu biyu ba ya wannan jira. Duk juyi ɗaya da wutarsa. Ba shi da bawul a ka, sai ramuka a jikin silinda, fistin ɗin da kansa yake buɗe su yana rufewa yayin hawa da sauka. Fetur da iska suna fara shiga ƙasan fistin, ɗakin karanshaf, daga nan a turo su sama. Shi ya sa ba a iya tara baƙin mai a ƙasa kamar na Boxer, dole man ya bi fetur, ya shafi ƙarfe, ya ƙone tare da shi. Hayaƙin ke nan.

Sauƙin nan yana da farashi. Akwai lokacin da ramin shiga da ramin fita suke buɗe tare, sabon fetur yana shigowa, tsohon hayaƙi yana fita, wani kaso na sabon kuma ya bi hayaƙin ya tsere ta salansa bai ƙone ba. Kamar mai ɗibar ruwa da kwando. Wanda ya fi kowa tasiri wajen toshe wannan kwando shi ne Walter Kaaden, injiniyan kamfanin MZ na Jamus ta Gabas. A 1961 injinsa mai 125cc ya kai ƙarfin doki 25, abin da ya girgiza masu tsere a lokacin. A shekarar ce kuma matuƙinsa Ernst Degner ya sulale daga ƙasar bayan tseren Suwidin, ya koma Suzuki da abin da ya sani a kansa, ya ci musu kambun duniya na 50cc a 1962. Daga nan Jafanawa suka karɓi ragama.

Sirrin yana cikin salansa. Ina da guda a shago da na tsaga biyu da garanda don nuna wa yara masu koyo. In ka duba cikinta fayau take, sai baƙin ƙunci ya manne kamar gindin tukunya. Siffar ce aikin: tana fara siririya daga bakin silinda, ta buɗe a hankali kamar bakin algaita, ta yi tumbi, sannan ta tsuke da sauri zuwa ɗan ƙaramin bututu. Da ramin fita ya buɗe, bugun matsi yana fita da gudun sauti. Inda bututun ya buɗe, yana mayar da zuƙo baya, ya tsotse hayaƙin daga silinda, har ya jawo sabon fetur ya biyo shi waje. Bugun ya ci gaba har ya daki inda aka tsuke, ya dawo kamar amsa-kuwwa, ya tarar da fetur ɗin da ya ɓalle a bakin rami, ya cusa shi ciki daidai lokacin da fistin zai rufe. Silinda ta cika fiye da yadda za ta cika da kanta, ba tare da wata na'ura mai motsi ba.

Amma lura da kyau, domin nan amsar tambayarka take. Lokacin da bugun yake ɗauka ya je ya dawo kusan tsayayye ne, tsawon salansa da zafin hayaƙi ne suke yanke shi. Gudun injin kuwa yana sauyawa. In injin yana juyawa a hankali, bugun ya dawo da wuri, ya tarar da ramuka a buɗe, ya hargitsa komai, injin ya yi ta tari kamar mai mura. Da juyin ya hau har ya yi daidai da salansa, sai komai ya haɗu lokaci guda, ƙarfi ya zo gaba ɗaya kamar an kwance doki. Wannan ɗan zangon shi ne rayuwar injin. Ƙasa da shi rago ne, cikinsa mahaukaci. Yamaha ta ƙirƙiro YPVS, ɗan ƙarfe mai ɗaga ko sauke leɓen ramin fita gwargwadon juyi, sauran kamfanoni ma kowa da irin nasa, duk don a faɗaɗa zangon. An rage kaifin, ba a cire shi ba.

Yanzu ɗora lissafi. Honda NSR500, ɗaya daga cikin baburan tseren 500cc ɗin nan, silinda huɗu ce, a ƙarshen zamaninta ƙarfinta ya doshi doki 200, nauyinta kuwa wajen kilo 130. Boxer ɗin acaɓa ba ta kai doki 10 ba, kuma tazarar nauyinsu ba ta taka kara ta karya ba. A juyi 12,000 a minti, kowace silinda tana tashin wuta sau 200 a daƙiƙa. Duk wannan yana sauka ƙasa ta wurin da tayar baya ta taɓa kwalta, wanda faɗinsa bai wuce na katin ATM da yawa ba. Kuma babu kwamfutar da ke rage wuta in taya ta fara sulɓi irin ta baburan yau. Hannun dama ne kwamfutar.

Taya tana da iyakar riƙo guda ɗaya, daga ciki take biyan kwana, daga ciki take biyan totur. Kana kwance a kwana ka riga ka cinye mafi yawansa. Ka murɗa, injin ya faɗa zangonsa, ƙarfi ya ninka cikin ƙiftawar ido, tayar baya ta sulɓe gefe. In ta ci gaba da sulɓewa, babur ya kwanta, ka yi zamiya da duwawu, ka tashi ka kakkaɓe. Wannan mai sauƙi ce. Mummunar ita ce in tsoro ya sa ka saki totur. Tayar da ta riga ta karkace sai ta cafke kwalta nan take, shokazoba ta matse ta saki kamar gwafa, babur ya miƙe da ƙarfi ya wurga ka ta sama. Duk wanda ya ga ingarma ya yi tutsu ranar hawan salla ya san siffar. Ita ce cutar zamanin 500cc, ta karya ƙasusuwan manyan matuƙa ba adadi. Kai kana danna maɓalli ka mayar da lokaci baya, su asibiti suke kwana. Mick Doohan ya karya ƙafar dama a filin tseren Assen na ƙasar Holan a 1992, ta ruɓe har saura ƙiris a yanke, ya dawo bai iya taka birkin baya ba, aka mayar masa da shi hannu yana dannawa da babban yatsa. A haka ya ci kambu biyar a jere, 1994 zuwa 1998.

A 1992 ɗin ne Honda ta zo da dabarar da ta sauya sautin tsere. Maimakon silindodin su riƙa tashi a rarrabe daidai-wa-daida, aka matso da su duka huɗun suka tashi cikin kusan digiri 70 na juyi, sauran juyin shiru. Ƙarfin yana zuwa dunƙule, sannan hutu. Bayanin da aka fi yi shi ne taya tana samun damar sake kama ƙasa tsakanin duka da duka, ko da yake injiniyoyi har yau suna gardama a kan ainihin dalilin. Abin da ba gardama shi ne matuƙa sun fi jin tayar, sauran kamfanoni kuma suka kwaikwaya. Shi Doohan a 1997 ya koma tsohon tsari mai ƙara, wanda abokan tawagarsa ba su ji daɗinsa ba. In gem ya ba ka baburan shekaru dabam-dabam amma duk halinsu ɗaya sai fenti, ka san an yi ha'inci.

Hali na biyu, wanda 'yan gem suka fi mantawa, shi ne riƙon inji. Saki totur a kan Boxer a giya ta biyu, za ka ji injin ya ja ka baya. Mai bugu biyu da ƙyar yake yin haka, yana gangarawa kusan kamar keke. Saboda haka matuƙin 500 ko 250 kusan duk tsayuwarsa a birki take, bayan babur ba ya yi masa tsalle-tsalle wajen rage giya, kuma yana shiga kwana da gudu. In ka saki wuta a gem ka ji tsohon babur yana tsayawa da kansa kamar na zamani, injin mai bugu huɗu suka ba ka da sautin mai bugu biyu.

Akwai kuma abin da gem kaɗan ne suke taɓawa: kafireta. Injin nan yana rayuwa ne a kan daidaiton fetur da iska, fetur ɗin kuma shi ke sanyaya fistin, shi ke ɗauko mai. Na koyi wannan da jikina. Shekarun baya na yi wasu makonni a Jos da wani babur nawa mai bugu biyu. Can iska ba ta da kauri saboda tudu, babur ya riƙa shaƙewa, fulogi baƙi ƙirin. Na sa masa ƙaramin jet, ɗan ƙarfen nan mai huda da fetur ke bi, ya washe. Ranar dawowa, da asubar hunturu, na manta ban mayar da na da ba. Na gangaro, iska ta yi kauri ga sanyi, fetur ya yi kaɗan, ni kuwa na buɗe wuta har ƙarshe ina jin daɗin yadda yake gudu. Wajejen Nabordo sautin ya sauya, ya yi wani tas-tas kamar ana soya gyaɗa, sai tayar baya ta ƙame tana ihu a kwalta. Allah ya sa yatsuna biyu suna kan kuloci, na matse, taya ta saki, na gangara gefen titi ƙirjina yana dukan uku-uku. Da na kwance fulogi fari fat, da ɗigon alminiyam a bakinsa kamar gishiri. Fistin ya kumbura ya manne da silinda. Laifina ne ba na kowa ba. Matuƙan tseren wancan zamani da yatsa a kan kuloci suke tafiya saboda wannan, makanikansu kuma suna auna zafi da nauyin iska kafin su zaɓi jet, su duba fulogi ko ya yi ruwan ƙasa-ƙasa irin na ƙuli-ƙuli.

Zamanin ya ƙare da sauri. Tun daga 1975 da Giacomo Agostini ya ci da Yamaha, duk kambun 500cc mai bugu biyu ne ya ɗauka, har zuwa 2001 da Valentino Rossi ya ci na ƙarshe a kan NSR500. A 2002 aka buɗe ƙofa ga masu bugu huɗu na 990cc da sunan MotoGP. Moto2 ta maye gurbin 250cc a 2010, Moto3 ta maye gurbin 125cc a 2012. Kamfanoni suna so su yi tsere da irin injin da suke sayarwa, dokokin hayaƙi kuma sun riga sun kori mai bugu biyu daga titunan ƙasashe da yawa.

Yanzu ga inda na ce ana yi maka rufa-rufa. Duk abin da na faɗa a kan inji, kwamfuta tana iya kwaikwayonsa ba wahala. Jadawali ne: a juyi kaza, da totur kaza, ƙarfi kaza. Mai wuyar shi ne kan babur.

Gobe in ka hau babur a fili mara mutane, da hular kwano a kanka, kana tafiya madaidaiciya da ɗan gudu, tura hannun dama gaba kaɗan, wato ka juya kan zuwa hagu. Babur dama zai kwanta, dama zai bi. Duk ɗan acaɓan Wunti haka yake shan kwana, ko da zai rantse maka da jiki yake karkatawa. Tayar gaba tana gocewa hagu daga ƙarƙashinka, nauyi ya faɗi dama, sannan kan ya juyo ya bi faɗuwar. Babur faɗuwa yake yi ana tarbe shi, daga tashi har tsayawa. Kuma kwanciyar ba ado ba ce, lissafi ne ya wajabta ta. A gudun kilomita 100 a awa, kwanciyar digiri 45 tana ba ka kwana mai faɗin kusan mita 80 daga tsakiya. Ka ninka gudun, faɗin ya ninka huɗu. Baburan MotoGP na yau suna wuce digiri 60.

A wasan mota, sitiyarin da ka saya ka ɗaura a tebur aikinsa ɗaya da na mota, har yana mayar maka da nauyin taya a hannu. A wasan babur, in ka tura 'yar sandar hannun gem dama, ba kan babur ka taɓa ba. Saƙo ka aika cewa kana son kwanciya kaza. Akwai wani ɓoyayyen matuƙi a cikin manhajar, shi yake tura kan baibai, shi yake tarbe faɗuwar, shi yake gyara kuskure sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Kai fasinja ne mai ba ɗan acaɓa umarni, sai dai an bar maka totur da birki. Yawancin abin da mutane ke kira "tuƙin gem kaza ya fi" ba tayar ba ce, ba injin ba ne, halin wannan ɓoyayyen ne. In an yi shi mai sanyin jiki, babur ya yi nauyi kamar amalanke. In an yi shi mai rawar kai, babur ya riƙa jujjuyawa kamar ba shi da nauyi. Masu yin gem ba mugunta suke yi ba, in suka cire shi mutum ɗaya cikin da yawa ne zai bar layin tashi.

Ƙara da abin da aka raba ka da shi. Matuƙin gaske yana jin tayar baya ta fara tafiya ta duwawunsa da tafin ƙafarsa kafin ido ya gani. Kai sai ka gani a allo, lokacin an makara. Hannun totur yana murɗawa wajen rubu'in zagaye da dukan tsintsiyar hannu, kunamar R2 kuwa, wato maɓallin ba da wuta a hannun gem, tafiyarta ba ta fi gaɓar yatsa ba, a ciki za ka raba doki 200. Shi ya sa nake ja da masu cewa gem mafi wuya shi ne mafi gaskiya. Wani lokaci gem ya fi zahiri wuya don kawai ya toshe maka ji. Babur na gaske da ya samu gudu yana son tsayuwa da kansa, yaro ɗan shekara goma sha biyar ma yana sakin hannu a kai. Gem ɗin da ba ka iya tafiya miƙe a cikinsa ba gaskiya ya faɗa ba.

Game da wanne ya fi, ga ra'ayina. Jerin MotoGP da Ride na kamfanin Milestone na Italiya an gina su ne don hannun gem da jama'a masu yawa, ɓoyayyen matuƙinsu yana da ƙarfin iko, amma in ka kashe taimako suna koya maka layi da haƙurin totur. Tourist Trophy da Polyphony Digital ta fitar a PS2 a 2006 ya tsufa, duk da haka nauyin babur wajen birki a cikinsa har yau yana burge ni, kuma yana da masu bugu biyu na titi. GP500 na 1999 a kwamfuta kacokan a kan ajin 500cc aka yi shi. Wanda na fi girmamawa shi ne GP Bikes na PiBoSo. Ba shi da ƙyale-ƙyale, sai kwamfuta, zai kuma ba ka haushi a makon farko, amma lissafin taya da shokazoba da sarƙa a fili suke aiki, har akwai hanyar cire ɓoyayyen matuƙin ka riƙe kan da kanka in kana neman rigima.

Kada ka ɗauki maganata kawai, gwada. Taɓa birkin gaba a tsakiyar kwana: babur na gaske yana son miƙewa ya buɗe layi, in na gem ya ci gaba da kwana kamar jirgin ƙasa, an yi maka sassauci. Shiga kwana da giyar da ta yi sama da ɗaya ka buɗe wuta: ya kamata ka ji injin ya mutu murus, sannan ya farka da mari. In baya ya sulɓe, sau ɗaya saki totur gaba ɗaya, sau ɗaya riƙe shi inda yake ko ka sassauta kaɗan. Na farko ya kamata ya cilla ka, na biyu sau da yawa ya fitar da kai. In sakamakon ɗaya ne ko me ka yi, hoton faɗuwa aka ɗauka aka ajiye ana kunna maka.

Maganin tutsunka kuwa, ajiye 500 ɗin tukuna. Ɗauki 125cc, silinda ɗaya, doki 50 da 'yan kai. Ba zai cilla ka da sauƙi ba, amma in ka bar juyi ya faɗi ƙasa da zangonsa kowa zai wuce ka, don haka zai tilasta maka sanin giya da riƙe gudu a kwana. Rossi ma ta nan ya bi: kambun 125 a 1997, na 250 a 1999, sannan 500. Mayar da giya hannu, raba birkin gaba da na baya, ƙara sautin inji ka kashe kiɗa, domin kunne ne kaɗai abin da ya rage maka a madadin duwawu. In ka koma kan 500, fita kwana da giya ɗaya sama da yadda zuciyarka ta raya maka, ɗaga babur ya hau tsokar taya kafin allurar juyin inji ta shiga zangon, sannan ka matse kunamar a hankali kamar mai tatsar nono. Tsagaggiyar salansar nan tana rataye bayan ƙofar shago, in hanya ta biyo da ku ka zo da abokin naka ya leƙa cikinta.